Dabbar da Ba Ta Kukan Ƙishirwa

A garuruwan shaƙatawa na bakin teku a Amurka akwai shagunan da ke sayar wa yara wata 'yar ƙaguwa a cikin akwatin roba, a haɗa musu da ɗan soso jiƙaƙƙe da gwangwanin garin da aka ce shi ne abincinta. Ta sha bamban da ƙaguwar bakin gulbi da muka sani. Rabin jikinta na baya taushi gare shi, babu ɓawo, don haka take neman kwanson katantanwar da ta mutu, ta shige ciki da baya-baya, ta riƙa yawo da shi. In ta girma ya matse ta, sai ta nemi wanda ya fi shi ta koma. Daga tsibiran Karebiyan ake kamo ta, da gaɓar Ekwado, da Indunusiya. A inda Allah ya halicce ta tana iya wuce shekara 30, amma a hannun masu sayenta da yawa ba sa cika shekara guda. Yaran nan suna son su ƙwarai. Rashin sanin irin ruwan da za a ba ƙaguwoyin, da irin abincin, shi ke kashe su.

Na ɗauko zancen wannan ƙaguwa ne domin ita ta fi fito da matsalar fili. Inda na nufa kuwa yana nan kusa, a gidajen Kebbe da Tambuwal, inda kunkuru ke rarrafe a gindin randa shekara da shekaru, ba wanda ya taɓa tambayar yaushe rabonsa da ruwa.

Ƙaguwa mai aron kwanso a tudu take zaune, amma abin numfashinta irin na kifi ne da ya ɗan sauya ya dace da iska. Dole kullum ya kasance da danshi. In ya bushe, numfashi yakan gagare ta a hankali, kwana da kwanaki, ba tare da ta yi wani abin da zai nuna wa mai ita tana shan wuya ba. Shi ya sa waɗanda suka iya kiwonta suke tsayar da laimar iskar akwatin tsakanin kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari, zafinsa kuma wajen digiri 24 zuwa 29. Ruwa iri biyu take buƙata a kwano biyu, na daɗi da na gishiri. Takan shiga wannan ta shiga wancan, ta ɗebi kaɗan-kaɗan ta ajiye a cikin kwanso, tana gauraya su har gishirin ya daidaita da abin da jikinta ke so. Gishirin miya ba ya yi; gishirin teku ne na musamman da masu kiwon kifin teku ke saye, a narka wajen giram 35 a lita guda, gwargwadon ruwan teku. Ruwan famfo da aka zuba wa kulorin yana lalata mata abin numfashi, sai an cire sinadarin tukuna. Kwanon kuma ya kai zurfin da za ta nutsa jikinta duka, a sa mata duwatsun da za ta taka ta fito, domin duk da sunanta ƙaguwa, ruwa na iya cin ta. Soson da ake haɗawa da ita a shago bai wadatar da ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, tara ƙwayoyin cuta ma yake yi.

Wajen ci, mai tsince-tsince ce da dare: 'ya'yan itacen da suka faɗo, busasshen ganye, ruɓaɓɓen itace, kwakwa, mushen kifi. Masu bincike sun lura cewa in ta ci abu ɗaya ta ƙoshi, da ta sake fitowa takan fi karkata ga wani daban, kuma da wannan sauye-sauyen take haɗa abin da jikinta ke nema. Gari iri ɗaya daga gwangwani kullum ya saɓa wa halittarta. Tana kuma buƙatar sinadarin kalsiyam sosai saboda saɓa. In lokacin ya zo takan binne kanta cikin yashi mai danshi, makonni ko watanni, ta tuɓe tsohon ɓawonta ta cinye shi don ta gina sabo. Yaron da ya ga ta ɓace ya tono ta don ya duba ko tana da rai, sau da yawa a nan yake kashe ta.

Ƙwanta a teku yake ƙyanƙyashewa, 'ya'yan su yi makonni suna yawo a ruwan gishiri kafin su fito tudu. Hayayyafarta a gida abu ne mai wuyar gaske, saboda haka kusan duk wadda aka gani a shago kamun daji ce. Can a dajin ma ba ta tsira ba. Wani bincike da Jennifer Lavers ta Jami'ar Tasmaniya ta jagoranta, wanda ya fito a 2019, ya ƙiyasta cewa kimanin 570,000 sun mutu a cikin kwalaben roba da teku ta watso a tsibiran Kokos da tsibirin Henderson. Ɗaya takan faɗa ta kasa fita, warin gawarta ya jawo wasu masu neman kwanson da ba kowa, su ma su faɗa.

Tsakanin Kebbe da teku akwai fiye da kilomita 600. Da hunturu laimar iskarmu takan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin ɗari, da bazara zafi ya haura digiri 40. Ra'ayina a kan wannan ƙaguwa gajere ne: duk wanda ɗansa ya gan ta a waya ya ce a sayo masa daga Legas ko daga waje, ya ba yaron haƙuri. Ba za ta rayu a nan ba sai da wutar da ba ta yankewa da kayan da ba a samu a kasuwar Tambuwal.

Mu tamu dabbar da ke shan irin wannan wahala a ɓoye ita ce kunkuru. An daɗe ana ajiye shi a gidajen Hausa. Wasu don yara, wasu don sun ji ana cewa yana kare gida daga sammu ko yana jawo tsawon rai, wasu kuma tsintarsa suka yi a gona suka kawo. Babban nau'in da aka fi so, mai launin ƙasa da 'yan ƙayoyi masu kauri a cinyoyinsa na baya, ɗan yankinmu ne na asali. Mazauninsa shi ne gefen Sahara ta kudu, tun daga Senegal har Habasha da Iritiriya. Shi ne na uku a girma cikin kunkurun tudu na duniya, bayan na tsibiran Galapagos da na Aldabra. Namiji yakan wuce kilo 50, wasu su doshi 100, kuma yana iya wuce shekara 70.

Na shiga wani gida a wani ƙauye kusa da Kebbe da tsakiyar bazara, na tarar da ɗaya a bayan rumbu. An huda gefen ƙoƙon bayansa an zura igiya an ɗaure a turke, ƙasar wurin duk ya share ta da kewaye. A gabansa akwai ƙanzon tuwo da ya bushe, ƙudaje na bi. Na gaida tsohuwar gidan, na ce, "Inna, me kuke ba shi?" Ta ce, "Duk abin da munka rage shika ci, ɗan nan." Na ce, "Ruwa fa?" Ta dube ni da mamaki na gaskiya, ta ce, "Ai kunkuru bai shan ruwa, raɓa ta ishe shi." Na roƙi arziki aka ba ni tsohon faranti, na zuba ruwa na ajiye. Ya miƙo wuya, ya nutsa baki da hanci gaba ɗaya, ya tsaya cak. Babu abin da ke motsi sai fatar maƙogwaronsa tana hawa tana sauka. Ya daɗe a haka har yaran gidan suka taru, ruwan ya ja baya a faranti. Tsohuwar ta yi salati. Mutuniyar kirki ce da ba ta barin akuyarta ta kwana da ƙishirwa. Abin da ta gada ta ji, shi ta yi aiki da shi.

Wannan magana ta cewa kunkuru ba ya shan ruwa tana da tushe, shi ya sa take da wuyar cirewa. A daji yakan yi watanni bai ga ruwan da zai sha ba, ya rayu. Amma a duba yadda yake yi. Yana haƙa rami mai tsawon mita da yawa, inda ƙasa ke da sanyi da laima, ya shige ya rage motsi duk tsawon zafi. Da damina ta faɗi sai ya fito, ya sha daga kududdufi har ya cika, ya ci ɗanyar ciyawa mai ruwa. Mafitsararsa ita ce salkarsa ta tafiya: yana tara ruwa a ciki, jiki ya riƙa janyowa kaɗan-kaɗan lokacin rani. Dattin jikinsa kuma ba ya ɓarnar ruwa wajen fitar da shi, yakan fito ne a matsayin wani farin abu mai kauri tare da kashi. Duk wannan tsari ya dogara da rami. Kunkurun da aka ɗaure a turke, ko aka sake shi a tsakar gida mai daɓen siminti, an raba shi da ramin, an bar shi da rana da iskar hunturu, sannan an ce ya yi juriyar da ramin ne ke ba shi ita.

Abin da ke biyo baya a hankali yake zuwa. In ruwa ya yi ƙaranci, farin abin nan yakan daskare a mafitsara ya zama dutse, ya riƙa girma har ya toshe hanya, ƙoda ta lalace. Idanu su faɗa ciki, ya rage ci, ya riƙa jan ƙafafun baya. Mutanen gida su ce tsufa ne, alhali wataƙila bai kai shekara 15 ba. Akwai kuma abin da yara ke yi ba da sani ba: in an ɗaga kunkuru sama ya tsorata, yakan saki fitsari gaba ɗaya. Yara dariya suke yi, shi kuwa guzurin watanni ya zubar a lokaci guda. In hakan ta faru da rani, a sa shi a ruwa a ranar.

Gyaran ba shi da tsada. Kasko mai faɗi marar zurfi, a binne shi daidai da ƙasa a inuwa yadda zai iya shiga ya fita da kansa, ruwan kada ya wuce haɓarsa in ya tsaya. A sauya ruwan kullum, domin yakan yi kashi a ciki. Ruwan rijiya ko na burtsatse ya wadatar. Ƙananan da ba su wuce tafin hannu ba sun fi saurin bushewa, gara a riƙa zaunar da su cikin ruwa mai ɗan ɗumi na ɗan lokaci kusan kowace safiya. A daji da damina ake ƙyanƙyashe su, cikin laima suke fara girma. Waɗanda suka tashi a busasshen wuri su ne ƙoƙonsu ke fitowa tudu-tudu maimakon ya kwanta sumul, kuma in ya riga ya fito haka ba ya komawa. Sai a ware masa wani lungu mai ƙasa, nesa da gindin katanga don kada ya rushe ta, a bar shi ya yi haƙarsa. In babu hali, a gina masa ɗan ɗaki mai duhu a riƙa yayyafa wa ƙasarsa ruwa. Igiyar kuma a kwance ta. Ƙoƙon kunkuru ƙashi ne mai rai, haɗe da ƙashin bayansa da haƙarƙarinsa, da jini da jijiya a ciki. Huda shi ciwo ne, kuma ƙofa ce ga ruɓa.

Wajen abinci ne karamcinmu ke cutar da shi. Babban kunkuru makiyayi ne, cikinsa an gina shi don ciyawa mai tauri, mai yawan zare, marar maiƙo. Harkiya, guɗe-guɗe, komayya, ɗanyu da damina, busassu da rani, su ya kamata su zama mafi yawan abin da yake ci. A ƙara masa da ganyen rama, da lalo, da ganyen kabewa, da ɗan zogale. Tuwo, shinkafa, ƙanzo, burodi, ragowar miya mai mai da gishiri da magi, duk zai ci in an ba shi, domin ba ya ƙin abinci, amma suna ɓata masa ciki, su sa shi girman gaggawa da ƙashi marar ƙwari. Wake da nama sun yi masa nauyi, suna ƙara yawan farin abin da ke zama dutse. Harawa ma, da muke ganin ta gatan dabba, a ba shi kaɗan. Kankana da mangwaro na marmari ne jefi-jefi, yawansu na sa shi zawo, zawo kuma asarar ruwa ce. Albasa, duk da yalwarta a wannan yanki, kada a ba shi. Don ƙarfin ƙoƙo, a wanke ɓawon ƙwai a shanya a daka a riƙa barbaɗa masa a ganye. A daji ma yakan gwagwiyi tsohon ƙashi in ya samu. Rana kuwa muna da ita, kuma yana buƙatarta don kalsiyam ɗin ya kama jiki, muddin yana da inuwar da zai koma in ta yi zafi.

Abu biyu na zamaninmu sun ƙaru a kan waɗannan. Na farko feshi. Fadamar Gulbin Zamfara da gonakin da ke kewaye da ita yanzu ba a rabuwa da maganin ciyawa da na ƙwari, saboda haka ciyawar da yaro zai yanko a gefen gona a tabbatar ba a fesa ta ba, ganyen kasuwa kuma a wanke shi. Na biyu leda. Duk mai awaki ya san abin da take yi a tumbi. Kunkuru ma yana haɗiye ta, musamman mai launi, kuma cire ta daga cikin dabbar da ke rufe cikin ƙashi aiki ne mai wuya ƙwarai.

Sai dai a lura, ba kowane kunkuru ne wannan ba. Akwai ƙarami wanda bayan ƙoƙonsa ke da gaɓa, yana rufewa a kan ƙafafunsa in ya tsorata. Shi yana haɗawa da katantanwa da ƙwari da tsutsa, kuma ya fi son laima da inuwa. Akwai kuma kififiya da yara ke kamowa a tafki da damina, mai faffaɗan jiki da ƙafafun iyo. Ita maciyar nama ce, ƙananan kifi da talibambam da ƙwarin ruwa, kuma a cikin ruwa take cin abincinta. Yaron da ya sa ta a busasshiyar ƙwarya ya zuba mata ganye, yunwa zai kashe ta da ita. Mafi alheri a mayar da ita tafkin da aka ɗauko ta tun kafin ya ƙafe.

Musulmi ba ya buƙatar a kawo masa hujja daga nesa a kan wannan. Buhari da Muslim duk sun ruwaito labarin matar da aka azabtar saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abinci da kanta ba, har ta mutu. Sun kuma ruwaito labarin mutumin da aka gafarta wa don ya shayar da kare mai ƙishirwa. A Muhtasar na Halil, wanda malamanmu na zaure ke karantarwa, ciyar da dabba wajibi ne a kan mai ita in babu makiyaya, in ya gaza a sayar da ita. Abin da ya fi tsaya mini a labarin kyanwar shi ne tsarewa. Dabbar da ke sake Allah ya hore mata hanyar neman ruwanta. Ranar da ka rufe ta a gidanka, neman ya dawo wuyanka, har da neman sanin abin da take buƙata. Akuya tana kuka, kaza tana bin ka har bakin randa, kare yana lallage. Kunkuru ba ya yin ko ɗaya, don haka lissafin ruwansa sai mutum ya riƙe shi da kansa.

Akwai tambayar da ta fi wannan girma, wato ko ya dace a ci gaba da ɗauko su daga daji. Babban kunkuru yana ƙarewa a mazauninsa. Noma ya ci daji, shanu da awaki sun cinye ciyawar da yake ci, gobarar daji na kashe ƙanana, ga kamu don gida da don fatauci. Ƙungiyar IUCN mai lura da halittun duniya ta sa shi cikin waɗanda ke fuskantar barazanar ƙarewa. Tun shekarar 2000 yarjejeniyar CITES ta hana fitar da kamun daji zuwa ƙasashen waje don ciniki, a shekarar ce kuma Amurka ta hana shigo da shi saboda kaskar da ke zuwa a jikinsa mai ɗauke da cutar dabbobi. A Senegal, a Noflaye kusa da Dakar, akwai wurin da aka keɓe don karɓar irin waɗannan kunkuru daga hannun mutane, a yi jinyarsu, a hayayyafa su, a mayar da wasu dajin Ferlo. Tomas Diagne, masanin da ya ba da rayuwarsa ga wannan aiki, yana cikin waɗanda suka kafa shi. Ni a ganina, wanda ya gamu da kunkuru a daji ya bar shi inda ya gan shi, wanda aka tallata wa a kasuwa kada ya saya, domin kowane ciniki kira ne ga a kamo wani.

Wanda ya riga ya daɗe a gida kuwa, ba a ɗauke shi kawai a jefar a jeji. Yana iya kai wa na daji cuta, yana iya faɗawa hannun wani kafin ya haƙa rami. A riƙe shi da kyau, a kuma san cewa yana iya wuce mai shi a duniya. Kunkurun fadar Sarkin Ogbomosho da ake kira Alagba, wanda ya mutu a watan Oktoba na 2019, an ce ya kai shekara 344. Masana sun yi shakkar wannan adadi, amma shi yana da masu kula da shi na musamman. Na gidan talaka ma yana buƙatar a san wane ne zai gaje shi, kamar yadda ake sanin mai gadon saniya.

Yara su riƙa wanke hannu da sabulu bayan sun taɓa shi ko kaskonsa, domin kashinsa na ɗauke da ƙwayar cutar da ke sa zawo da zazzaɓi; dalilin da ya sa Amurka ta hana sayar da ƙananan kunkuru ke nan tun 1975. Kada kuma a wanke kaskon inda ake wanke kwanonin abinci. In ya daina ci da damina, lokacin da ya kamata ya fi kowa ci, ko hancinsa na kumfa, ko farin abin ya fara fitowa da tsakuwa-tsakuwa, ko ya yi kwanaki yana nishi ba kashi, a fara da zaunar da shi cikin ruwa mai ɗumi kowace rana, a nemi malamin dabbobi na ƙaramar hukuma. In abin ya fi ƙarfinsa, akwai asibitin koyarwa na likitancin dabbobi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, kuma hoton ciki yana nuna dutsen mafitsara tun bai toshe hanya ba.